Utagawa Hiroshige (1797-1858): Rayuwarsa da Siffar Birnin Edo a Zane-zanensa na Bugun Katako

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi tarihin rayuwar Utagawa Hiroshige, mai zanen ƙasar Japan da ya yi fice wajen siffanta birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, ta hanyar zanen da ake sassaƙawa a jikin katako a buga a takarda. An dubi asalinsa na ɗan gidan jami'an kashe gobara, da tsarin sana'ar da ya shiga, da manyan jerin zane-zanensa, da yanayin doka da kasuwa da ya yi aiki a cikinsu. Muƙalar ta nuna cewa natsuwar da ke bayyana a birnin da ya zana zaɓi ce, domin ya rayu a zamanin gobara da yunwa da girgizar ƙasa da annoba. Saboda haka mai son amfani da irin wannan zane a matsayin shaidar tarihi sai ya karanta abin da aka nuna tare da abin da aka tsallake.

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Shi ya sa mai nazarin zamantakewa yakan yi murna idan ya sami zane ko hoto na zamanin da yake bincike a kai, yana ganin ya sami shaidar da ba ta ƙarya. Sai dai shi ma zane magana ce da wani ya tsara. Akwai wanda ya zuba kuɗinsa, akwai hukumar da ta ba da izinin fitarsa, akwai kuma mai sayen da ake son a faranta wa rai.

Ƙasar Japan ta ƙarni na 19 ta ba da kyakkyawan misali a wannan fage. A lokacin, ana sayar da zanen bugun katako a shagunan littattafai na Edo da kuɗin da bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba, kuma manyan masana na wancan zamani ba su ɗauke shi fasaha mai daraja ba. A yau shi ne tagar da duniya ke leƙen tsohuwar Edo ta cikinta. Babu mai zanen da ya fi Hiroshige yawan siffanta wannan birni, domin zane-zanensa na Edo kaɗai sun haura 1,000. Bin diddigin rayuwarsa hanya ce ta gane yadda aka gina wannan taga da kuma inda ta fuskanta.

2.0 Birnin da Aka Haife Shi

Tun daga shekarar 1603, ikon ƙasar Japan yana hannun gidan Tokugawa, wanda shugabansa ke riƙe da sarautar soja mai suna shogun, yana zaune a Edo, shi kuwa babban sarki yana Kiyoto ba tare da iko na zahiri ba. An kasa jama'a gida huɗu: mayaƙan da ake kira samurai, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, sai 'yan kasuwa a can ƙasa. A 1635 aka tabbatar da dokar da ta tilasta wa sarakunan larduna, waɗanda yawansu ya kai kimanin 260, su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a lardunansu, matansu da magadansu kuwa su zauna a Edo dindindin. Wannan doka ta cika birnin da mayaƙa da barorinsu, su kuma suka jawo masassaƙa da marina da masu abinci da masu ba da rance. Kafin tsakiyar ƙarni na 18, mutanen Edo sun kai miliyan ɗaya.

Rabon fili a birnin bai yi daidai da yawan jama'a ba. Gidajen mayaƙa sun cinye kusan kashi biyu bisa uku na ƙasar, talakawan gari kuwa, waɗanda su ne kusan rabin jama'a, suna cunkushe a ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar. Akasarinsu suna haya a dogayen gidajen katako na cikin lunguna, iyali guda a ɗaki guda da bai wuce murabba'in mita 10 ba. Gari irin wannan, na katako da takarda, abincin wuta ne. Gobarar 1657 ta cinye mafi yawan birnin har da babbar hasumiyar fadar shogun, wadda ba a sake ginawa ba. A shekarar da ta biyo baya hukuma ta kafa rundunar kashe gobara ta dindindin a ƙarƙashin mayaƙa, aka kuma faɗaɗa wasu tituna don su tare wuta.

'Yan kasuwa suna da kuɗi amma ba su da ta cewa a mulki, sai suka karkata dukiyarsu ga nishaɗi: gidajen wasan kwaikwayo na kabuki, da unguwar Yoshiwara wadda hukuma ta keɓe wa karuwai, da littattafan hira. Wannan rayuwa ita ake kira ukiyo. Asalin kalmar a addinin Buda tana nufin duniya mai baƙin ciki, daga baya aka juya ta ta koma duniya mai shawagi, wadda ake morewa kafin ta wuce. Zanen da ke siffanta ta shi ne ukiyo-e.

3.0 Haihuwarsa da Aikin Gado

An haifi Hiroshige a shekarar 1797 a barikin 'yan kwana-kwana da ke Yayosugashi, dab da ganuwar fadar shogun. Sunansa na yanka Ando Tokutaro. Mahaifinsa, Ando Gen'emon, ƙaramin jami'i ne a rundunar kashe gobara, muƙamin da ake gada daga uba zuwa ɗa. Ke nan Hiroshige samurai ne ta fuskar asali, amma daga matakin ƙasa, inda albashin shekara bai wuce buhun shinkafa kimanin 30 ba. Irin waɗannan ƙananan mayaƙa sukan haɗa da wata sana'a a gida, kamar haɗa laima ko renon furanni, don abin da hukuma ke ba su ba ya riƙe iyali.

A 1809 mahaifiyarsa ta mutu, mahaifinsa ya bi ta a cikin shekarar. Yaro ɗan shekara 12 ya wayi gari shi ne mai gida, shi ne kuma magajin muƙami. Ya tashi a inuwar hasumiyar tsaro wadda ake hawa dare da rana ana duban inda hayaƙi zai ɓullo. Yana ɗan shekara tara aka yi babbar gobarar 1806, kuma yana da alaƙa da aikin har lokacin gobarar 1829. Masu nazarin ayyukansa sukan lura da yadda yake son duban birni daga sama, rufin gidaje jere har zuwa inda ido ya tsaya, sukan kuma danganta hakan da wannan tarbiyya ta barikin.

Aikin kashe gobara yana da yawan zaman jira, shi kuwa ya cika nasa da zane. An ruwaito cewa ya fara neman shiga hannun Utagawa Toyokuni, wanda ya fi kowa suna wajen zanen 'yan wasan kabuki, amma bai sami gurbi ba. Wajen 1811 ya shiga hannun Utagawa Toyohiro, mai sanyin salo, wanda ke da sha'awar zanen shimfiɗar ƙasa. A 1812 malamin ya ba shi sunan sana'a ta hanyar haɗa wani yanki na sunansa da wani yanki na sunan almajirin, aka sami Hiroshige. Ayyukansa na farko sun fito a 1818, kuma shekaru fiye da goma ya yi yana zanen kyawawan mata da 'yan wasa da jarumai da hotunan littattafai, ba tare da ya yi wani fice ba. A 1823 ya miƙa muƙamin gado ga wani yaro ɗan gidansu mai suna Nakajiro, ya ci gaba da riƙe masa har 1832, sannan ya rabu da aikin kwata-kwata.

4.0 Tsarin Sana'ar Bugun Katako

Fahimtar Hiroshige ba ta cika sai an san cewa takardar da ke ɗauke da sa hannunsa aikin mutum huɗu ce. Na farko shi ne mawallafi, wato ɗan kasuwar da ke zaɓar jigo, ya zuba jari, ya nemi izini, ya sayar, kuma katakon da aka sassaƙa mallakarsa ne. Na biyu mai zane, wanda ke zana siffar da baƙin tawada a siririyar takarda, a biya shi ladansa sau ɗaya. Na uku masassaƙi, wanda ke manna takardar a kife a jikin allon itacen ceri, ya sassaƙe duk inda babu layi, ta yadda zanen asali ke salwanta a cikin aikin. Ana sassaƙa wa kowane launi allonsa. Na huɗu mai bugawa, wanda ke shafa launi a allo, ya ɗora takarda mai ɗan laima, ya murza bayanta da wani faifan hannu mai suna baren. Wasu 'yan tsagogi biyu a gefen kowane allo su ke sa launuka su faɗa daidai gurbinsu. Bugu mai launuka da yawa ya kankama ne daga 1765 ta hannun Suzuki Harunobu.

Abubuwa biyu na wannan sana'a sun yi wa Hiroshige rana. Ɗaya shi ne dabarar bokashi, inda mai bugawa ke jiƙa allo ya shafa launi ta yadda zai riƙa dusashewa a hankali, abin da ke ba da sararin sama na asuba ko zurfin kogi. Ɗayan kuwa sabon shuɗi ne da aka fara haɗawa a Barlin ta Jamus, wanda ya shigo Japan ta tashar Nagasaki, ya yi araha wajen 1830. Shuɗin da ake samu daga tsirrai yakan koɗe ko ya yi duhu, wannan kuwa yana da haske kuma yana jure rana. Da shi Katsushika Hokusai ya fitar da jerinsa na Dutsen Fuji a farkon shekarun 1830, ya tabbatar wa mawallafa cewa zanen shimfiɗar ƙasa ma yana da kasuwa.

5.0 Zango 53 na Hanyar Tokaido

Wajen 1831 Hiroshige ya fitar da jerin zane goma na fitattun wuraren Edo, wanda ya nuna inda baiwarsa take. Shaharar gaske ta zo masa da jerin Zango 53 na Hanyar Tokaido, wanda mawallafi Takenouchi Magohachi ya fitar tsakanin 1833 da 1834. Tokaido ita ce babbar hanyar da ta haɗa Edo da Kiyoto, mai tsawon kimanin kilomita 500, wadda ayarin sarakunan larduna da fatake da masu ziyarar wuraren ibada ke bi. Jerin ya ƙunshi zane 55, wato zango 53 da mafari da maƙura.

Lokacin ya dace. Tun 1802 labarin barkwancin Jippensha Ikku game da wasu matafiya biyu a wannan hanya ya sa jama'a sha'awar tafiya, a 1830 kuma miliyoyin mutane suka yi tururuwa zuwa wurin ibada na Ise. Talaka ba ya tafiya sai da takardar izini, saboda haka ga mafi yawan masu saye, zanen shi ne tafiyar.

Zanen farko yana nuna gadar Nihonbashi da sassafe. Goshin ayarin wani sarkin lardi yana hawowa kan gada, masu tallar kifi sun ratse gefe kusa da allon sanarwar hukuma, karnuka biyu kuma sun juya baya a ɗaya gefen. A takarda guda an ga mai mulki da wanda ake mulka da dokar da ke tsakaninsu. A zangon Goyu, matan masauki suna finciko matafiya da ƙarfin tsiya don su kwana a gidansu, a allunan da ke rataye cikin masaukin kuwa an rubuta sunayen masassaƙi da mai bugawa da mai zane da mawallafi. A Shono, masu ɗaukar kaya suna gudu cikin ruwan sama, gorori sun ranƙwafa a bayansu.

Hadisin da aka daɗe ana yi shi ne Hiroshige ya bi hanyar a 1832 cikin tawagar da ke kai wa babban sarki kyautar dawakai daga shogun. Masu bincike na baya-bayan nan sun nuna cewa da yawa daga zanen zangunan da ke nesa da Edo an ɗauko su ne daga wani littafin jagoran matafiya mai hotuna da ya fito a 1797. Haka kuma ya lulluɓe zangon Kanbara da dusar ƙanƙara mai kauri, alhali garin yana gaɓar teku mai ɗumi inda ba a cika ganin dusar ba. Wannan ya nuna tun da wuri cewa yanayin da yake son mai kallo ya ji ya fi masa muhimmanci a kan rahoton abin da ido ya gani. Abin lura kuma, jerin ya fito ne daidai lokacin da yunwar zamanin Tenpo ta fara, wadda ta ɗauki shekaru daga 1833 zuwa 1837 tana kashe mutane musamman a arewacin ƙasar, amma babu alamarta a hanyar da ya zana. Jerin ya karɓu ƙwarai, har ya sake zana Tokaido a salo fiye da 20 a tsawon rayuwarsa, ya kuma ƙarasa jerin hanyar Kisokaido wanda Keisai Eisen ya fara.

6.0 Tsakanin Doka da Kasuwa

Shirun da zanen Hiroshige ya yi a kan masifu yana da tushe a doka. Tun a ƙarni na 18 hukuma ta hana buga labarin abin da ke faruwa a gari da duk abin da ya shafi gidan Tokugawa. Daga 1790 kowane zane sai ya sami hatimin masu tacewa kafin a sassaƙa shi. A 1804 an sa wa Kitagawa Utamaro ankwa a hannu na kwana 50 saboda zanen da ya yi na Toyotomi Hideyoshi, shugaban da gidan Tokugawa ya gaji iko daga zuriyarsa. Kowane mai zane ya san wannan labari.

Tsakanin 1841 da 1843, babban waziri Mizuno Tadakuni ya ƙaddamar da gyare-gyaren tsuke bakin aljihu da gyaran tarbiyya. An hana zanen 'yan wasa da karuwai, an taƙaita launukan zane zuwa bakwai ko takwas, an kuma yanke farashinsa kada ya wuce mon 16, wato kuɗin kwanon taliya. An kwashe gidajen kabuki zuwa Saruwaka a gefen gari, aka kori shahararren ɗan wasa Ichikawa Danjuro na bakwai daga Edo. Wasu masu zane, irin su Utagawa Kuniyoshi, sun koma habaici da zaurance cikin zanensu. Hiroshige bai shiga wannan rigima ba. Gada da kogi da wata ba sa saɓa wa kowace doka, saboda haka kasuwarsa ta ci gaba.

Duk da shahararsa, bai yi arziki ba, tun da ribar bugu ta mawallafi ce. Wani aiki da ya karɓa wajen 1850 ya bayyana yadda zamanin ya juye. Masarautar Tendo, ƙaramar masarauta ce da bashi ya yi wa katutu, ta sa shi ya yi mata zane-zanen hannu masu yawa a kan siliki, ta rarraba wa attajiran yankinta a madadin kuɗin da ta karɓa daga gare su. Mayaƙan da doka ta ɗora a sama sun koma biyan 'yan kasuwa da aikin hannun wani tsohon ƙaramin samurai.

7.0 Girgizar Ƙasa da Fitattun Wurare 100 na Edo

A 1853 jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka iso bakin tekun Edo suna neman a buɗe musu tashoshi. A daren 11 ga Nuwamba 1855 kuma girgizar ƙasa ta afka wa birnin, gobara ta biyo baya, dubban mutane suka mutu, cikinsu har da matan Yoshiwara da yawa da wuta ta rutsa da su. Cikin 'yan kwanaki kasuwa ta cika da zane-zane marasa sa hannu kuma marasa hatimi, na wata ƙatuwar tarwaɗa da almara ta ce ita ke motsa ƙasa. Wasu sun nuna jama'a na dukanta, wasu sun nuna kafintoci da magina suna yi mata godiya saboda aikin da ta samar musu, attajirai kuma suna amayar da zinariya. Bayan kimanin wata biyu hukuma ta hana su.

Wata huɗu bayan girgizar, a farkon 1856, zanen farko na jerin Fitattun Wurare 100 na Edo ya sami hatimi. A wannan shekara Hiroshige ya aske kansa bisa al'adar mabiya Buda ta ja da baya daga harkokin duniya, amma bai ajiye alƙalami ba. Mawallafinsa shi ne Uoya Eikichi. Jerin ya zarce adadin da sunansa ya faɗa, ya kai zane 118, daga baya aka jera su bisa yanayin shekara huɗu. Ya amfana da babban littafin jagoran Edo mai hotunan Hasegawa Settan wanda ya fito a 1834 da 1836, amma ya zo da sabon tsari: takarda a tsaye, wani abu ƙato a gaba dab da idon mai kallo, birnin kuma can nesa ta bayansa.

Ta wannan tsari rayuwar yau da kullum ta shigo. A mashigin Shinjuku ana kallon titi ta tsakanin ƙafafun dawakan kaya, ga kashinsu a ƙasa. A mafitar Haneda ana hangen teku ta tsakanin hannu da ƙafar mai fito, har gashin ƙwaurinsa ya fito. A gadar Mannen an rataye kififiya da igiya, tana jiran mai neman lada ya saye ta ya sake ta a ruwa. A unguwar marina ta Kanda, dogayen ƙyallaye masu shuɗi da fari suna shanye a sama, an kuma saƙa alamar mawallafi da ta mai zane cikin adonsu. A titin Suruga, shagunan tufafi na Echigoya, mallakar gidan Mitsui, sun cika hagu da dama, Dutsen Fuji yana tsaye a ƙarshen titin. A gadar Shin-Ohashi, ruwan bazara ya kece, mutane sun duƙa suna sauri, layukan ruwan an sassaƙa su ta fuska biyu masu ɗan bambanci don su ba da ƙarfin zubarsa.

Zanen da ya fi nuna dabararsa ta faɗin abu a kaikaice shi ne na wani ɗaki a saman bene a Yoshiwara. Babu mutum a ciki. Farar kyanwa tana zaune a taga mai sanduna tana kallon gonakin shinkafa da jerin masu zuwa biki, a ƙasa ga tsinkunan ado na gashi da baƙo ya kawo tsaraba, ga tawul da kwano a bakin taga. Mai kallo na Edo ya san matar tana bayan labule, ya kuma san ba ta da ikon fita ƙofar unguwar, domin akasarin matan wurin iyayensu ne suka karɓi kuɗi a kansu na aikin shekaru.

A duk jerin babu zane ɗaya na wuta tana ci ko gidan da girgiza ta rusa, kuma lungunan haya inda yawancin jama'a ke kwana ba su samu shiga ba. Fadar shogun ba ta fitowa sai daga nesa. Amma hatimin masu tacewa yana ɗauke da wata da shekara, kuma da masana suka gwada waɗannan ranaku da tarihin sake gina birnin, sai wata ma'ana ta fito. Zanen haikalin Asakusa cikin dusar ƙanƙara ya sami hatimi ne a tsakiyar zafi na 1856, jim kaɗan bayan an gyara ƙololuwar hasumiyarsa da girgiza ta lanƙwasa, launukansa kuwa ja da fari ne, launukan murna a al'adarsu. Zanen faffaɗan titin Shitaya ya ba da rabin fili ga shagon Matsuzakaya da aka sake ginawa. A Gotenyama, tudun da ake zuwa kallon furanni, an ga gefen da aka yanke aka kwashi ƙasarsa don gina sansanonin igwa a cikin teku saboda jiragen Amurka. Ke nan masifa da barazana suna cikin jerin, sai dai wanda ya san garin ne yake ganinsu. Ga mutanen da suka binne 'yan'uwansu watanni kaɗan da suka wuce, jerin albishir ne cewa birninsu ya miƙe. Ga mayaƙan larduna masu komawa gida, tsaraba ce mai sauƙin ɗauka.

8.0 Iyalinsa da Mutuwarsa

Matarsa ta farko, 'yar wani jami'in kashe gobara, ta mutu a 1839. Daga baya ya auri Yasu, 'yar wani manomi, suka ɗauki riƙon wata yarinya mai suna Tatsu. Ya ƙare rayuwarsa a unguwar Nakabashi, tsakanin gadar Nihonbashi da ta Kyobashi, a tsakiyar unguwannin 'yan kasuwa.

A 1858, shekarar da Japan ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki da Amurka, annobar kwalara ta shigo ta Nagasaki ta iso Edo, ta kashe dubun-dubatar mutane. Hiroshige ya mutu ranar 12 ga Oktoba 1858 yana da shekara 61, kuma akasarin marubuta tarihinsa sun danganta mutuwarsa da annobar. A wasiyyarsa ya umarci a sayar da gidansa a biya bashin da ke kansa. An binne shi a haikalin Togakuji da ke Asakusa, abokin sana'arsa Utagawa Kunisada kuma ya yi zanen tunawa da shi sanye da tufafin masu zuhudu. Almajirinsa Shigenobu ya auri Tatsu ya gaji sunan, shi ne Hiroshige na biyu, shi ne kuma ya sa hannu wajen rufe jerin Edo. Bayan aurensu ya mutu, wani almajirin mai suna Shigemasa ya aure ta ya zama Hiroshige na uku, wanda ya zana jiragen ƙasa da gine-ginen bulo na sabon zamani.

9.0 Tasirinsa

Shekara goma bayan mutuwarsa mulkin Tokugawa ya faɗi, a 1868 aka sauya wa Edo suna zuwa Tokiyo. Girgizar ƙasa ta 1923 da ruwan bama-bamai na 1945 sun shafe kusan duk abin da ya rage na birnin katako. Wannan ya ƙara wa zane-zanensa nauyin da ba a yi su don su ɗauka ba, domin a wurare da yawa su ne siffar da ta rage a idon jama'a.

A Turai kuwa, inda aka fara kwasar su da araha, masu zane sun karɓi tsarinsa. A 1887 Vincent van Gogh ya kwaikwayi zanensa biyu da fentin mai, na gadar Shin-Ohashi da na lambun Kameido. Claude Monet ya tara su a gidansa na Giverny a Faransa. A 1906 mai tsara gine-gine Frank Lloyd Wright ya shirya baje kolin ayyukansa a Chicago ta Amurka. Waɗannan masu sha'awa sun ɗauki launi da tsari, ba su da masaniyar hatimi ko tarihin unguwanni, sai siffar Edo mai lumana ta ƙara kafuwa.

10.0 Kammalawa

Muƙalar ta bi Hiroshige daga barikin 'yan kwana-kwana zuwa shagunan mawallafa, ta nuna cewa mutumin da ya fi kowa sanin yadda Edo ke ƙonewa shi ne ya bar wa duniya siffarta mafi natsuwa. Dalilan haka sun haɗa da dokar tacewa, da bukatar mawallafi, da abin da masu saye ke son gani, da kuma halinsa na kauce wa rigima. Zane-zanensa shaida ce ingantacciya a kan sutura da sana'o'i da tsarin tituna da bukukuwa, shaida ce kuma a kan burin mutanen birnin. A kan yunwa da cunkoso da mutuwa kuwa sai an haɗa su da wasu madogarai, irin su zanen tarwaɗa marasa hatimi da bayanan hukuma. Darasin ya shafi duk mai nazarin fasahar da aka yi don kasuwa: kafin ya kafa hujja da ita, ya binciki wanda ya biya, da wanda ya tace, da ranar da ta fito.